Zauna Ka Huta: Daga Hunƙuyi Zuwa Ikara

Da zarar hunturu ya kankama, hanyoyin da suka fita daga Zariya suka nufi arewa sukan cika da rake. Ga akori-kura an labta mata har taya na kuka, ga babur an gindaya masa dami biyu a baya, ga amalanken shanu da ba ruwansa da hon ɗin kowa. A irin wannan lokaci ne na bi wani ƙanen matata, ma'aikacin gashin ƙashi, zuwa Kudan da Maƙarfi da Ikara, ƙananan hukumomi uku da ke can arewacin Jihar Kaduna, inda ƙasar Zazzau ta yi iyaka da Kano da Katsina. Shi zai duba wasu dangi da iyayen abokai da aka daɗe ana roƙonsa ya leƙa, ni kuwa ɗan rakiya ne mai yawan tambaya. A jakarsa babu allura, babu ƙwaya. Abin awon jini ne, da agogon ƙidayar daƙiƙa, da wata roba mai talewa, sai wata 'yar na'ura mai mariƙi da ake matsewa da hannu ta nuna ƙarfin damƙar mutum a kilo.

Hunƙuyi muka fara sauka, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Kudan. Ƙasa ce ta noman rani: tumatir, attarugu, albasa, rake, har da inabin da a 'yan shekarun nan ya sa sunan Kudan ya shiga bakin 'yan kasuwar kayan marmari. A wata fadama muka tarar da mutumin da muka zo nema, magidanci da ya haura hamsin, yana buɗe wa kwamin albasa ruwa da fartanya, wando a naɗe zuwa gwiwa. Bayan gaisuwa abokin tafiyata ya miƙa masa na'urar damƙa. Ya juya ta, ya yi dariya, ya matse sau ɗaya ba tare da ko ɓata fuska ba, allurar ta wuce inda tawa ta tsaya da nisa.

Wannan awo ba wasan yara ba ne. A 2015 mujallar likitanci ta Lancet ta buga sakamakon wani bincike da ya bi mutum kusan 140,000 a ƙasashe 17, aka ga duk raguwar kilo 5 a ƙarfin damƙa na tafe da ƙarin kashi 16 cikin ɗari na haɗarin mutuwa a tsawon shekarun da aka bi su. Ba hannun ne ke riƙe rai ba, sai dai hannu yana tona asirin sauran naman jiki. Ta wannan ma'auni manominmu ya ci jarrabawa. Amma da aka ɗaura masa abin awon jini, aka jira, aka sake, sai fuskar likitan, wato abokin tafiyata, ta sauya.

"Yaya, jininka ya hau, kuma ba hawan yau ba ne."

"Haba likita! Ni da tun asuba ban zauna ba? Ai hawan jini ciwon masu kujera ne."

Wannan magana na sake jin ta a bakuna daban-daban har muka gama tafiyar, kuma rabinta gaskiya ce. Tun 1953 wani likitan Ingila, Jeremy Morris, ya kwatanta direbobin bas masu hawa biyu na birnin Landan da kwandastocinsu. Direba na zaune wuni guda, kwandasta na hawa da sauka a matakala yana karɓar kuɗi, sai aka ga ciwon zuciya ya fi kama direbobin, ya kuma fi saurin kashe su. Daga wannan aiki ne ilimin motsa jiki da lafiya ya samo tushe. To amma ɗaya rabin maganar shi ne wanda manomi bai sani ba. Masu bincike a Denmark, irin su Andreas Holtermann, sun daɗe suna nuna cewa aikin ƙarfi na neman abinci ba ya ba zuciya ribar da motsa jiki na ganin dama ke ba ta. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Zuciyar babba tana tura jini kamar lita 5 a minti ɗaya idan yana zaune, tana iya kai wa lita 20 ko fiye idan ya dage da gudu. Abin da ke ƙarfafa ta shi ne a ɗaga ta sama na rabin awa ko awa ɗaya, sannan a sake ta ta huta, domin a cikin hutun ne jiki ke yin gini. Shi kuwa na-duƙe awa takwas ne ko goma a sunkuye, bugun zuciya bai yi saman da zai horar da ita ba, bai kuma sauka ya bar ta ta sarara ba, ga ɗaga buhu da ke sa a riƙe numfashi jini ya yi tsalle. Gobe ma haka. A haɗa da gishiri da ɗanɗanon miya da gadon gida, sai ka samu mutum mai damtse kamar na ɗan dambe yana yawo da jinin da zai iya kayar da shi a tsakiyar kwami.

Noman ma ba na jiya ba ne. Maganin feshi ya rage noman fartanya, injin ban ruwa ya maye gurbin jigo, babur ya cinye tafiyar ƙafa da ta keke. Wani dattijo a bakin fadamar ya ce a ƙuruciyarsa da ƙafa suke zuwa cin kasuwar ƙauyukan da ke kewaye, yau kuwa jikansa ko aiken goro aka yi masa sai ya nemi makullin babur. Ban ga laifin yaron ba. Ba wanda ya taɓa yin tafiyar nan don sha'awa.

Da yamma a wani fili bayan makarantar firamare muka tsaya kallon yara suna langa. Kowa ya kama babban yatsan ƙafa ɗaya ta baya, yana tsalle da ɗayar, ana ture juna, ana kare ruwa. Abokin tafiyata ya ce da za a ba shi aikin tsara wa yara atisayen ƙarfafa ƙashi da daidaita tsayuwa, da wuya ya zo da abin da ya fi wannan. Ƙashi yana ƙara kauri ne idan ana dira a kansa, kuma yawancin abin da mutum zai tara na ƙashi yana tara shi ne kafin ya kai shekara 30. Daga nan sai cin jari. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2020, ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar minti 60 na motsi mai sa haki a kowace rana. Waɗannan yara sun biya nasu kafin magariba. 'Yan matan da suka wuce mu da farantan talla su ma sun biya, ta wata hanyar. A 1986 an auna matan Luo da Kikuyu na Kenya aka ga suna ɗaukar kayan da ya kai kashi 20 cikin ɗari na nauyin jikinsu a ka ba tare da ƙarfin da suke ƙonawa ya ƙaru ba, saboda salon takunsu. Abin burgewa ne, amma wuyan yarinya 'yar shekara tara ba wuyan babbar mace ba ne, kuma ban taɓa jin mai aza mata kayan ya auna ba.

Daga Tashar Yari, a kan babbar hanyar Zariya zuwa Kano, ake ratsewa a shiga Maƙarfi. Tun kafin ka ga gari za ka ji ƙamshin mazarƙwaila. Mun tsaya a wani wurin dafa ta a gefen gonar rake. A da doki ne ke zagayawa yana juya injin matsa, yanzu a wurare da yawa injin mai ne ke yi. Ruwan raken na gangarowa kore-kore, a kwashe a zuba a manyan kasake da ke kan murhu, a riƙa cusa busasshen ɓawon da aka matse a wuta, wani na tsaye da doguwar muciya yana juyawa yana kwashe kumfa, har ya yi kauri ya koma ja, a zuba a ƙananan kwanoni ya daskare. Saurayin da ke bakin murhun rigarsa ta manne da bayansa, alhali mu muna cikin rigunan sanyi. Likitan ya tambaye shi sau nawa ya yi fitsari tun safe. Ya yi murmushin kunya ya ce sau ɗaya. Launinsa fa? Kamar shayi.

Mai aiki a zafi yana iya zubar da gumin da ya haura lita ɗaya a awa guda. Idan bai mayar ba, jini na raguwa, zuciya na ƙara sauri don ta cike gibi, ƙoda kuma ita ce ke biyan bashin. A Amurka ta Tsakiya, musamman Nikaraguwa da El Salbado, dubban masu saran rake sun mutu da ciwon ƙodar da ba suga ne ya kawo shi ba, ba kuma hawan jini ba. Garin Chichigalpa na Nikaraguwa ya yi suna da wannan masifa. Masu bincike da yawa sun ɗora alhakin a kan aikin ƙarfi cikin zafi da ƙarancin ruwa, rana bayan rana, kuma maganin da aka gwada a gonakin ya nuna alamar amfani abu uku ne: ruwa, inuwa, da hutu a kan ƙa'ida. Saran rakenmu ya fi faɗowa a lokacin sanyi, wannan sauƙi ne daga Allah, amma bakin murhu ba ya sanin hunturu, haka ma mai ban ruwa a watan Maris da Afrilu. Likitan ya ce wa mai wurin ya ajiye jarkar ruwa kusa da yaran, ya kuma riƙa sauya na bakin wuta. Mai wurin ya ce to, irin "to" ɗin da ake ce wa baƙo.

A cikin kasuwar Maƙarfi, wadda hatsi ke shiga da fita da manyan motoci, na ga ɗaya gefen al'amarin. Lebura na sunkuyawa a aza masa buhun masara mai nauyin da ya fi nasa, ya hau katako ya jefa a mota, ya dawo a sake aza masa. Taku kaɗan daga nan dillali ne a kan benci, waya biyu a hannu, lemon kwalba a gefe, tumbi ya ture riga. Wataƙila shekara ashirin da suka wuce shi ma a ƙarƙashin buhun yake. Allah ya buɗa masa, sai ya yi abin da duk wanda ya sha wahala yake mafarki, ya zauna. Cin abincinsa bai ragu ba, ƙaruwa ma ya yi. A nan na fara ganin abin da ya dame ni a tafiyar nan: hutu a ƙasarmu ba a raba shi daidai ba. Saurayin bakin murhu da leburan buhu, waɗanda jikinsu ke roƙon hutu, ba mai ba su. Mai kuɗi da tsoho da majinyaci, waɗanda motsi ne maganinsu, su ake cewa su zauna, kuma da sunan girmamawa ake faɗa.

Wani daga cikin dillalan, da ya ji sana'ar abokin tafiyata, ya jawo shi gefe ya ce an ce yana da suga, yana shan magani amma abin ba ya sauka. Likitan ya yi masa bayanin da ni ma na ƙaru da shi. Naman jiki, musamman na cinya da ɗuwawu, shi ne babban mai shanye sugan da ke yawo a jini bayan an ci abinci. Idan yana motsi yana iya jan sugan ko da sinadarin insulin bai yi aikinsa sosai ba. Saboda haka tafiyar minti goma ko sha biyar bayan tuwon dare ba ƙaramin abu ba ce. Ya ce masa ya bar babur a gida idan zai je masallacin Juma'a, ya yi tafiyar da zai iya magana a cikinta amma ba zai iya rera karatu ba, ya tara minti 150 a mako ko fiye, wanda shi ne mafi ƙarancin abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya wa baligi.

"Alhaji, minti talatin ne a rana biyar. Ko cinikin buhu goma ya fi haka cin lokaci."

"Likita, ba lokacin ba ne. In aka gan ni ina tafe a ƙasa cewa za a yi na karye."

Ba sai an je Turai ba kafin a samu hujja a kan wannan. A Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad da ke Kano, Sikiru Lamina ya sa maza masu hawan jini tuƙa keken da ba ya tafiya, sau uku a mako har mako takwas, ya kwatanta su da waɗanda ba su tuƙa ba, ya buga sakamakon a 2010: jinin masu tuƙin ya sauka. A Jami'ar Maiduguri, Adewale Oyeyemi da abokan aikinsa sun mayar da takardar tambayoyin auna motsin jiki ta duniya zuwa Hausa a 2011, suka gwada ingancinta. Jami'ar Ahmadu Bello, wadda ke nan kusa tun 1962, tana da sashen da ke koyar da ilimin motsa jiki da lafiya. A Maƙarfin kanta ga kwalejin kimiyyar lafiya mai sunan marigayi Sarkin Zazzau Shehu Idris, wadda ta yaye ma'aikatan lafiya da ke cike da asibitocin karkarar jihar, daga baya kuma aka haɗe ta da Jami'ar Jihar Kaduna. Ilimin yana nan. Tsakanin ɗakin karatu da bencin dillali ne hanya ba ta da kyau.

Mata kuwa nasu sauyin ya fi na kowa sauri. Surfe da daka da niƙa a dutse da jan guga sun riƙe jikin iyayenmu mata, sun kuma cinye musu ƙugu da kafaɗa. Injin niƙa da famfon burtsatse sun ɗauke wannan, kuma duk namijin da zai yi kukan rashin turmi sai a miƙa masa taɓarya. Sai dai matar da ba ta fita, idan aka ɗauke mata waɗannan ba a sa komai a gurbinsu ba, duniyarta ta koma tsakanin ɗaki da murhu. Wata uwar gida a Maƙarfi, wadda gwiwa ta dama, likitan bai ce mata ta fita ko'ina ba. Zagayen tsakar gida ya ba ta bayan sallar asuba da bayan la'asar, da tashi-zauna daga kujera.

Ikara ce zangonmu na ƙarshe, garin da aka kafa wa kamfanin sarrafa tumatir tun farkon shekarun 1980 saboda yawan abin da ƙasar ke nomawa. Kwanduna ne jere a bakin hanya, wanda ya rasa mai saye kuma an yanka an shanya a ƙasa. A wani ƙauye da ke wajen gari aka kai mu gidan wani dattijo da ɓarin jikinsa na dama ya shanye watanni kaɗan kafin zuwanmu. An kwantar da shi a asibiti, an sallame shi da magani, an dawo da shi gida, kuma tun daga ranar bai taka ƙasa ba.

Ban taɓa ganin majinyacin da ake kula da shi kamar wannan ba. Ɗakin a share, shimfiɗa fes, ƙamshin turaren wuta. Uwargidansa ce ke ba shi kunu a baki. 'Ya'yansa maza biyu ke ɗaukarsa cak su kai shi bayan gida su dawo da shi. Ana shafa masa man zaitun, ana ba shi rubutu. Hannun dama ya lanƙwashe a ƙirji, yatsu a dunƙule, ƙafar ta miƙe tana kallon ƙasa. Ƙafar hagu, wadda ciwon bai taɓa ba, ita ma ta zama siririya.

"Ai ba ma bari ya yi komai," in ji uwargidan, da alfaharin wadda ta sauke nauyi. "Ya yi mana wahala shekara hamsin. Yanzu lokacin hutunsa ne."

Likitan ya durƙusa ya gaishe ta da kyau kafin ya ce, "Inna, Allah ya saka da alheri. Amma yau zan roƙe ku ku ɗan yi masa rowa."

A 1966 a birnin Dallas na Amurka an kwantar da samari biyar 'yan shekara 20, lafiyayyu, a gado na mako uku ba tashi. Da aka auna iyakar iskar da jikinsu ke iya amfani da ita a lokacin aiki, wadda ita ce babban ma'aunin ƙarfin zuciya da huhu, ta faɗi da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Bayan shekara 30 aka nemo mutanen nan biyar aka sake auna su suna da shekara 50, sai aka ga shekaru talatin na tsufa ba su yi musu ɓarnar da mako uku na kwanciya ya yi ba. Samari ke nan. Tsoho kuwa dama naman jikinsa na zaizayewa tun daga wajen shekara 30, zaizayar na ƙara gudu bayan 60, don haka kwanciya gare shi gangara ce. Abin farin cikin shi ne ƙofar ba ta rufewa. A 1990 Maria Fiatarone da abokan aikinta a Boston sun ɗauki tsofaffi goma masu rauni a wani gidan kula da gajiyayyu, masu shekara 86 zuwa 96, suka sa su ɗaga nauyi da ƙafa na mako takwas. Tara da suka kammala, ƙarfin cinyarsu ya ƙaru da kashi 174 cikin ɗari a matsakaici, takunsu ma ya gyaru.

Likitan ya fara da awon jini, ya tambayi maganin ya ga ana sha. Sannan ya sa aka kawo kujera mai ƙwari. Ya mirgina dattijon ta gefe, ya sauko da ƙafafunsa, ya zaunar da shi a bakin gado, ya jira jiri ya wuce. Da babban ɗan ya kai hannu zai ja hannun daman don ya taimaka, ya dakatar da shi da sauri: kafaɗar da ta shanye ba ta da naman da zai riƙe ta, ja ɗaya na iya gurɗa ta, ciwon kuma ya zauna. Ya daidaita tafin ƙafafun biyu a ƙasa, ya ja su baya kaɗan, ya sa gwiwarsa ya tokare gwiwar dama, ya kama ƙugun.

"Baba, sunkuyo gaba. Hancinka ya wuce yatsun ƙafarka. Yauwa. Bismillah, tashi."

Karo na farko bai ɗaga ba. Na biyu ya ɗaga ya koma. A na uku ya miƙe, jiki na rawa, yana huci, idonsa a kan ƙofa. Uwargidan ta juya baya tana salati. Bai fi daƙiƙa kaɗan a tsaye ba aka zaunar da shi, aka bari numfashinsa ya dawo, aka sake.

Babban ɗan, wanda ke sayar da hatsi, ya tambaya ko ba a zo da injin gashi ba, don ya ji a birni ana sa wuta da lantarki. Likitan ya ce ɗumi na rage ciwo da taurin gaɓa, amma ba ya koya wa ƙafa tafiya. Ciwon ba a hannun yake ba, a ƙwaƙwalwa yake, inda jijiyar jini ta toshe ko ta fashe wani yanki ya mutu. Yankunan da ke kewaye suna iya karɓar aikin, amma ba sa karɓa sai an yi ta neman aikin a wurinsu, sau ɗaruruwa, kullum. Kamar hanyar gona ce, wadda ake bi ita ke fita, wadda aka bari ciyawa ta rufe. A kan wannan ne Edward Taub na Amurka ya gina hanyarsa ta ɗaure lafiyayyen hannu don a tilasta wa mai raunin aiki, ga waɗanda yatsunsu suka fara motsi, kuma Auwal Abdullahi na Jami'ar Bayero ya yi bincike a Kano a kan a riƙa auna wannan atisaye da yawan maimaici maimakon yawan awanni. Watanni uku zuwa shida na farko su ne jiki ya fi saurin dawowa, kuma dattijon ya riga ya ci wani kaso nasu a kwance.

Ba a ce a yi gaggawa ba. Wani babban gwaji da aka buga a 2015, mai majinyata fiye da 2,000, ya nuna cewa matsa wa mai shanyewar jiki da tashi da yawa tun cikin awa 24 na farko na iya rage masa samun sauƙi. Komai da lokacinsa da ma'auninsa. Likitan ya lissafa musu alamomin tsayawa: ciwon ƙirji, jiri mai tsanani, hakin da ba ya sauka, sabon karkacewar baki. Idan an ga ɗaya, asibiti.

Asibitin kuwa shi ne matsalar. Manyan sassan gashi suna Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da Asibitin Ƙashi na Dala da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a Kano. Ɗaukar shatar mota da mutum biyu masu riƙe majinyaci sau biyu a mako, daga ƙauyen Ikara, ba abin da buhun masara zai jure ba ne. Don haka ɗakin nan shi ne asibitin, mutanen gidan su ne ma'aikata. Likitan ya duba ya zaɓi wani jikan dattijon, ɗan sakandare mai natsuwa, ya koya masa riƙon, ya sa ya yi a gabansa har ya gamsu. Ya ba shi aikin safe da na yamma: tashi-zauna, tsayuwa a jikin bango ana mayar da nauyi kan ƙafar dama, buɗe yatsu a hankali, ɗora tafin hannu a kan tabarma a jingina. Da yaron ya ce zai riƙa mance ƙidaya, kakan ya ɗaga hannun hagu ya nuna carbinsa da ke rataye a ƙusa. Aka kuma yi yarjejeniya da uwargidan cewa kofin kunu a hannunsa za a sa, ko zai zubar da rabi.

A zaure babban ɗan ya tare mu, murya ƙasa-ƙasa. Ba atisayen ne ya dame shi ba. Masu zuwa dubiya ne. Za su tarar da Baba yana fama da kofi, riga duk kunu, 'ya'yansa na tsaye suna kallo, su fita su ce an wulaƙanta tsoho. Likitan ya ce masa ya zaɓa, ko maganar mutane ta wata biyu, ko ɗaukar mahaifinsa zuwa bayan gida har ƙarshen rayuwarsa, sannan ya tambaye shi abin da Baban ya fi so ya sake yi. Ya ce sallah a masallacin ƙofar gida. Muka fita muka auna nisan da taku, likitan ya rubuta adadin a bangon zauren da gawayi, ya ce kowane mako a ja layi a inda Baba ya kai.

Bayan an sha ruwa a azumin da ya biyo baya babban ɗan ya kira ƙanen matata a waya, ina zaune. Hannun bai buɗe ba, in ji shi, sai babban yatsa da ke ɗan motsi. Ƙafar kuwa tana ja, amma da sanda Baba yana kai kansa zaure, masallaci ya rage kaɗan. Ƙorafin da ya kira ya yi shi ne, tunda tsohon ya fara zama a zaure ba a sayar da buhu ɗaya ba tare da ya sa baki a farashi ba, kuma ya kori dillalai biyu.